Akushin da Biba ta tsare

A Gure, can gangaren tudu ta inda ake fita zuwa Kelle, an yi wata mata da ake ce wa Biba mai daddawa. Duk wanda zai ba ka labarinta, abin da yake fara faɗi shi ne ba ta yarda da mutum. Ba mugunta gare ta ba. In ka kwanta ciwo ita za ta riga kowa aiko maka da kunu, amma in kai ne ka aika mata, sai ta ɗiba ta zuba wa kaza, ta zauna ta ga yadda kazar za ta ƙare.

'Yar kasuwa ce tun tana ƙarama. Ubanta mangul yake sayarwa, gishirin nan da ake dafawa a kwarurukan gabas, ita kuma tana gefensa tana tsaron kaya. A nan ta koyi duba hannun mutum kafin ta dubi fuskarsa. Ta auri wani Garbai mai takarkarai, wanda uwarsa ta rasu tun yana goye, saboda haka Biba ba ta taɓa zama ƙarƙashin uwar miji ba. Ta shiga gida ita ce babba ita ce ƙarama, tana cin tuwonta a tsakar gida inda ta ga dama. A riƙe wannan, don zancen zai dawo kansa.

Ta haihu da yawa, amma ɗan farinta kaɗai ya tsaya, wanda ake kira Ɗan Talata. Sauran tana iya nuna maka inda aka kwantar da su a bayan gari, kuma kowanne akwai wanda ta ɗora wa alhakinsa a ranta. Wannan wata baƙuwa ce ta ɗauke shi ta ce ya yi nauyi. Wancan an ba shi alewa a gidan suna. Ba ta taɓa fita ta yi rigima da kowa a kai ba, sai dai ta daina gaisuwa mai tsawo da mutum, shi kuma bai san laifinsa ba.

Sana'ar tata ma ta ƙara mata. Daddawar batso take yi, ta gurguzun yakuwa. Sai an dafa shi wuni guda, a kirɓa, a sa ruwan toka, a zuba a tukunya a rufe ruf, a kai lungun ɗaki a bar shi ya kwana biyu ba mai buɗewa. Biba ta ce daddawa ba ta son ido, ba ta son a ambace ta tana kwance. In ta yi kyau, rufin ne ya yi kyau. In ta lalace, to, wa ya shigo gidan nan shekaranjiya? Da wannan sana'a ta riƙe kanta bayan Garbai ya rasu a shekarar da fara ta cinye gero, kuma kusan kullum tana kasuwa ko tana zagayen gidaje da faifanta, daga hantsi sai la'asar.

Ɗan Talata ya gaji takarkaran ubansa, yana ɗaukar kanwa daga wajen Bune yana kaiwa Nguru, inda jirgin ƙasa ya iso ba da daɗewa ba. A can wajen ɗibar kanwar ya ga Habsu, ya so ta, ta so shi. Mutanen ƙauyensu suna zaune cuɗe da Fulani tun kaka da kakanni, kunyarsu mai nauyi ce ko a cikin masu kunya. Uwarta ta rasu a yunwar farar nan, ubanta ya yi Barno ba a sake jin ɗuriyarsa ba, kawunta ne ya ba da ita. Da aka kawo ta, Biba ta yi wata da watanni tana kallonta ta wutsiyar ido, tana barin goro a inda za a gani don ta ga ko zai ragu. Bai ragu ba. Daga nan ta ɗauke ta da zuciya ɗaya, irin ɗaukar da macen da ta binne 'ya'ya mata takan yi wa 'yar wani.

Danga ɗaya ce ta raba su da gidan Ila, wani Bahaɗeje mai sayar da goro. Matarsa Zuwaira doguwa ce mai murya, mai dariya da haƙora a waje, 'ya'yanta ƙosassu cike da gida. Akwai wata kafa a dangar inda awaki suka ɓarke, ta nan Habsu take ratsawa in Biba ta tafi kasuwa. Biba ta sani, ba ta so, amma ba ta hana ba.

Habsu ta sami ciki na fari. Ran nan Biba tana shanya gurguzu, Zuwaira ta leƙo ta saman danga ta ce cikin 'yar nan ya yi tsini, namiji ne, ta yi dariya. Ba ta ce tubarkalla ba. Da yamma ta aiko da ɗan wake. Ba a yi mako ba cikin ya zube. Biba ta wanke abin da za a wanke, ta gasa wa Habsu jiki, ta amsa jajen Zuwaira da “mun gode” ɗaya tak. A ranta shari'a ta riga ta ƙare.

Bayan kaka ta kewayo, Biba ta lura Habsu ta daina fashin salla, tana yawan tofar da yawu, fuskarta ta yi haske. Irin wannan ba a tambaya, ba a faɗi. Sai ta je wajen Ya Kaka, wata tsohuwar Bamangiya da take karɓar haihuwa a unguwar, ta ce ta biyo wani lokaci kamar aron rariya ta zo. Ya Kaka ta zo, ta dubi Habsu sama da ƙasa, ta karɓi rariyar da ba ta bukata, suka koma zaure ita da Biba. Ta ce a bar yarinyar ta riƙa daka kaɗan-kaɗan don jiki ya saki, amma ban da tulun rijiya mai nisa, ban da faskare. In za ta kwanta ta kwanta da gefe. A ba ta fura da nono, da miyar zogale, da yakuwa, da hanta in an samu. Zuma da dabino a ɗaga mata su, kada zaƙi ya taru ya tsare hanya ranar naƙuda. In wata ya yi nisa za ta kawo mata jiƙon sabara. Biba ta ƙara nata a kai: ba fita tsakar rana, ba fita almuru, ba zama a dokin ƙofa, ba tsallake igiyar akuya, ƙwai kuma ko kallonsa. Ta soke mata allura a gefen zane, ta ɗaura mata laya a ƙugu.

Bayan ƙaramar salla ayari ya tashi. Ɗan Talata ya ɗaure kanwarsa, ya durƙusa a gaban uwarsa ya ce ga amana nan, ba zai dawo ba sai hadari ya fara haɗuwa. Bai ambaci abin da yake nufi ba, ita ma ba ta ambata ba. Habsu ba ta da gidan uwa da za a mai da ita goyon ciki, saboda haka komai ya dawo kan Biba, kuma ta yi wa kanta alkawari wannan ba zai bi na farko ba.

Ta yi masa irin yadda take yi wa daddawa. Ta saro ƙayar farar ƙaya ta toshe kafar dangar. Da ta ga warin batso yana tayar wa Habsu da zuciya, ta kife tukwanen sana'arta, ta daina zuwa kasuwa gaba ɗaya. Ta ɗauko tabarmar Habsu ta dawo da ita ɗakinta. Girki ita za ta yi da hannunta, ta ɗanɗana, ta zuba a akushi, ta rufe, ta kawo gaban yarinyar ta ajiye, sannan ta ja kujerarta 'yar tsugune ta zauna, idonta a kan akushin, don kada ƙuda ma ya sauka da abin da ya kwaso daga maƙwabta.

Ta san matan ɗa ba sa ci a gaban uwar miji, wa bai sani ba? Amma a wajenta wannan yauƙin amarci ne, na kwana kaɗan. Tun ranar farko ta kashe maganar.

“Ni ba surukarki ba ce yanzu,” in ji ta. “Uwarki ce. Ki ci abinki, 'yar nan.”

Habsu ta ce to, Inna. Ta wanke hannu, ta gutsuri ɗan tuwo kamar ƙwayar goriba, ta juya fuska ga bango, ta daɗe, sannan ta rufe akushin ta ce ta ƙoshi.

Da fari Biba ta ce laulayi ne. Amma laulayi ya wuce, akushi bai sake ba. Da safe kunu, a kurɓa sau ɗaya a ajiye. Da rana fura, a jiƙa leɓe. Da yamma tuwo, a yi masa ɗan rami a gefe. Ciki yana ɗagowa, mai cikin tana komawa. Wuyanta ya fito, awarwaronta ya fara zamewa har gwiwar hannu, in ta miƙe daga zaune sai ta dafa bango.

Biba ta zauna ta yi lissafin abin, kuma lissafinta hanya ɗaya ya sani. Yarinyar da take cin ɗan waken Zuwaira har ta suɗe hannu, yau ta kasa haɗiye tuwon gidansu: an ba ta wani abu ne a can da ya rufe mata ciki ga abincin kowa sai na mai shi. Ta fara lura da hayaƙin turaren da yake ƙetaro danga da yamma, ta mai da shimfiɗar Habsu ɗaya ɓangaren. Ta daina ɗibar ruwa a rijiyar da Zuwaira take aikawa. Ta tsinci wani ƙullin tsumma a gindin danga, ta ɗauke shi da tsinke ta kai wa malam, aka kwance aka ga ɓawon gyaɗa, ta ce ai ba za su sa abin da za a gane ba. Malam ya ba da rubutu. Habsu ta shanye rubutun tas, don wannan ba abinci ba ne. Lokotoro kuwa, likitan bariki, ba a ko kawo shi a zance ba, namiji ne, kuma na sojan kumandan Nasara ne.

Duk lokacin da ramar ta ƙaru, sai Biba ta ƙara matsowa da kujerarta. Har bayan gida sai ta raka ta ta tsaya daga waje.

Ranar layya wani ɗan'uwan Garbai ya aiko musu da tsoka da hanta. Biba ta yanka wa kaza kaɗan, ta jira, kazar ta ci gaba da tononta. Sannan ta gasa hantar a kan garwashi, ta barbaɗa mangul, ƙamshi ya cika gidan. Ta ga maƙogwaron Habsu ya motsa. Ta ajiye mata, ta zauna dab da ita, ta ce yau sai ta ga bayan wannan hanta da idonta. Habsu ta ɗauki yanka ɗaya, ta kai baki, ta riƙe shi a kumatu ba ta tauna ba. Hawaye ya zubo mata. Biba ta ƙura mata ido. Mutum yana son abu, yana kuka a kansa, ya kasa haɗiyewa, in wannan ba sammu ba ne mene ne? Daga ƙetaren danga kuma ana jin dariyar Zuwaira da 'ya'yanta.

Bayan salla da 'yan kwanaki Ya Kaka ta kawo sabarar da ta ce. Da ta ga Habsu sai ta ajiye ƙullin ba ta kwance ba. Ta ja fatar idonta ƙasa, ciki fari kamar auduga. Ta danna ƙafarta, yatsa ya bar rami. Ta tambaye ta ko abin yana motsi, Habsu ta sunkuyar da kai, don haka tsohuwar ta ɗora tafinta a kan cikin tana neman motsin. Da suka fita zaure ta ce wa Biba yana motsi, amma irin motsin wanda ya gaji. Ta ce sabara ba ta wannan jiki ba ce, yarinyar nan yunwa ce take cinta, kuma in aka ƙara wata guda a haka, ranar naƙuda ba za ta sami ƙarfin nishi ba, za a rasa ɗaya ko a rasa biyu.

Biba ta ce yunwa a gidanta? Ita da take kawo akushi da hannunta, ta zauna a kai har a ɗauke? Ya Kaka ta ɗago ta dube ta, ta buɗe baki za ta yi tambaya. Amma Biba ta riga ta ga jan goro a haƙoran tsohuwar, goro mai kyau, irin wanda Ila kaɗai yake kawowa Gure. A ranta ta ce an saye ta, ta miƙe ta ce ta gode, Allah ya huta gajiya. Ya Kaka ta kaɗa kai ta ɗauki sandarta.

Maganar wata guda ta tsaya wa Biba a ƙirji. Ta ga zaman gadi bai kama ɓarawo ba, sai ta shirya tarko. Washegari da hantsi ta ajiye akushin ɗumame a gaban Habsu, ta yafa mayafi, ta ɗaga murya yadda za a ji a maƙwabta ta ce za ta gaisuwar mutuwa unguwar mahauta, sai azahar. Ta fita ta zaure, ta zagaya ta bayan gida, ta ratsa tsakanin rumbu da danga inda karan ya yi sako-sako, ta tsuguna ta sa ido. Tun tafiyar ayari, ran nan ne karo na farko da ta bar yarinyar ita kaɗai da akushi.

Habsu ta ɗan jima a zaune tana sauraron zaure. Sannan ta jawo akushin. Biba ba ta taɓa ganin mutum yana ci haka ba, ko a shekarar fara. Loma tana bin loma, ba ta jiran miya. Ta share akushin, ta lashe shi, ta rarrafa wajen murhu inda aka jiƙa tukunyar jiya, ta kankare ƙanzon ta cinye, ta sha ruwan jiƙon. Ta ɗan zauna tana haki, hannunta ɗaya a ƙasan cikinta. Sai kuma ta dubi akushin da ta share, tsoro ya bayyana a fuskarta, kamar wadda ta yi sata.

Biba tana nan tsugune, kanta ya ɗaure. Tuwonta ne. Hannunta ne ya tuƙa shi. Ina rufin cikin?

Sai ga murya ƙasa-ƙasa daga ɗaya dangar, ana cewa ta fita? Hannun Zuwaira ya ƙetaro ta saman ƙaya da 'yar ƙwarya, dambun zogale ne da man shanu. Habsu ta karɓa da hannu biyu.

“Kada Inna ta ji, Yaya,” ta ce. “Ranta zai ɓaci, ita da take ta wahala saboda ni.”

Biba ta miƙe, gwiwoyinta suna ƙara. Ba ta shiga gidanta ba. Ta zagaya ta faɗa gidan Ila ba sallama, gidan da rabonta da shi tun kafin ɓarin farko. Ta tarar da Zuwaira tana saukowa daga kan turmin da ta taka. Biba ta ce me ta ba 'yarta? Zuwaira ba ta razana ba. Ta jawo tukunyar dambun, ta damƙa ta kai baki, ta tauna a hankali tana kallon Biba, ta haɗiye, ta buɗe baki ta nuna mata.

“Ga kazarki nan, Iya,” ta ce, tana nuna ƙirjinta. “Ki zauna ki ga ko zan faɗi.”

Biba ta ce mai haɗa abu ai ya san makarinsa.

“To ki ce haka. Amma kin ga yadda ta ci naki yanzu, ko? Na hango mayafinki a bayan rumbu. Iya, yarinyar nan ko taunarta ba ta yarda ki ji. A garinsu matar ɗa takan tsufa uwar miji ba ta ga lomarta ba. Da can kina fita kasuwa take ci, ko ta ratso nan ta ci. Kin toshe kafa, kin bar kasuwa, kin kafa mata ido safe da yamma. Ta ina za ta ci?”

Biba ta ce ta gaya mata ita uwarta ce. Zuwaira ta ce faɗi ne, kuma ta ji, amma maƙogwaro bai ji ba. Ta ce ta sha yunƙurin yin magana, to wa zai saurare ta, ita da aka mayar mayya? Biba ta ce ba wanda ya kira ta mayya. Zuwaira ta ce ƙayar da ke jikin danga ta kira ta.

Biba ta juya ta fita. Ba ta yarda ba tukuna. Mace mai baki irin wannan tana iya juya kowace magana. Ta ɗan yi yawo a gari har azahar, ta dawo kamar daga gidan mutuwa. Habsu ta ce akuya ce ta ture akushin ta cinye. Biba ta dubi akuyar a ɗaure nesa, ta ce Allah ya shirye ta.

Sai ta shiga gwaji, don ita ba ta san wata hanyar gane gaskiya ba. Washegari ta kawo tuwo ta zauna a kai kamar kullum, aka yi masa ɗan rami aka rufe. Wanshekare ta shafe saman tuwon da ruwa ya yi sumul, ta ce za ta neman itace, ta dawo ta tarar da akushi a wanke. Ta ce watakila Zuwaira ce ta sa aka miƙa mata ta zubar don maganarta ta fito. Sai ta jira ranar da ta ga Zuwaira ta fita unguwa da 'ya'yanta, ta share ƙasan gindin danga da tsintsiya yadda ko sawun ƙadangare zai nuna, ta ja akuyar ta tafi da ita. Ta dawo, ƙasa sumul, akushi ba komai, Habsu tana barci da gefe, numfashinta a kwance, irin barcin da Biba ba ta gan ta ta yi ba tun tafiyar ayari.

Ta zauna a zaure da igiyar akuya a hannu, ta daɗe. Abin da ya rage mata ba mai sauƙi ba ne. In ta tsare, yarinyar ba za ta ci ba. In ta tafi, ta bar ta ke nan da hayaƙin turare, da mai leƙe, da bakin da ba ya cewa tubarkalla. Har yanzu ba ta wanke Zuwaira daga ɓarin farko ba, kuma ba ta jin za ta taɓa wanke ta. Amma farin idon nan da Ya Kaka ta nuna mata, wannan da idonta ta gani, ba zato ba ne.

Da gari ya waye ta buɗe tukwanenta. Ta kai murhun daddawa can bayan gida inda iska take kwashe warin. Ta mai da tabarmar Habsu ɗakin mijinta, ta ce ita minsharinta ya fara yawa, kada ta riƙa hana mutane barci. Kafin ta fita takan jera abinci a ɗakin, kunu a ƙwarya, fura a dame, tuwo da miyar zogale, ta ja asabari, ta ce ga sauran abinci nan kada a bar wa ƙuda. Ba ta ce ci ba, ba ta sake cewa ci ba har abada. Da yamma in ta dawo takan tsaya a zaure ta yi tari, ta kakkaɓe takalmi, ta yi wa akuya faɗa, har sai ta ji an rufe akushi.

Ƙayar ta fi ba ta wuya. Ta yi kwanaki tana wucewa ta gabanta. Ran nan ta ce itace ya yi tsada a garin nan, ta janye ta ta sa a murhu.

A kasuwa jikinta ne kawai yake zaune. Masu sayen daddawa sun ce a watannin nan Biba takan miƙa maka kaya tana kallon hanyar gida. Wani lokaci takan rufe faifai ta taho da sauri har ƙofar zaure, ta tsaya, ta ji muryar Zuwaira a ciki tana cewa ƙara wannan, ƙara, sai ta cije leɓe ta koma. Ta je da kanta ta ba Ya Kaka haƙuri, ta kai mata daddawa. Tsohuwar ta zo ta ja fatar idon Habsu, ta ce ja ya fara dawowa, ta ɗora hannu a kan cikin, ɗan da ke ciki ya harbe ta, ta yi dariya ta ce wannan ya ci ya ƙoshi. Sannan ta kwance ƙullin sabarar.

Ɗan Talata ya dawo hadari yana haɗuwa. Ya tarar da matarsa ba ta yi ƙiba ba, amma tana daka tana tsaye da ƙafarta. An yi ruwan shuka da 'yan kwanaki naƙuda ta zo da safe. Ta yi tsawo. Ya Kaka tana ciki, Biba tana riƙe da kafaɗun Habsu, Zuwaira tana hura wutar ruwan zafi a tsakar gida ba wanda ya kira ta, ba kuma wanda ya kore ta. Rana ta karkata aka ji kuka, siriri amma mai naci. Mace ce, 'yar ƙarama, ana iya ɗora ta a faifai. Ya Kaka ta ce da an ƙara wancan watan a yadda ake, da yau wani zancen ake yi. Biba ta yi kamar ba ta ji ba, tana duba yatsun jaririyar ɗaya bayan ɗaya.

Aka sa mata Mairamu. Ranar suna Zuwaira ta karɓe ta, ta ɗaga murya yadda har maza a waje suka ji ta ce tubarkalla, masha Allah, ta juyo ta ce Iya, kin ji dai na faɗa. Biba ta ce ta ji, ta karɓe jikarta ta lulluɓe ta da zane har kai.

Mairamu ta rayu, aka yi mata ƙanne. Biba ta ga wasunsu kafin ta rasu. Halinta bai sake ba. Ta ci gaba da duba hannun mutane, ta ci gaba da zargin duk wanda ya shigo ranar da daddawa ta ƙi. Zuwaira takan aiko mata da dambu, ita kuma takan zuba wa kaza ta jira, Zuwaira tana leƙe ta kafar danga tana tambaya ko kazar ta yi wasiyya. Abu ɗaya ne ya zauna mata sabo. Lokacin cin abinci in ya yi, sai ta ɗauki ɗan akushinta da kujerarta ta koma bayan rumbu, ta ba tsakar gida baya. Jikokin suka taso suna zaton tsohuwar ce mai kunyar ci a gaban mutane. Ta zauna da Habsu shekaru masu yawa a gida ɗaya, kuma ban da ran nan da ta leƙa ta tsakanin kara, ba ta sake ganin lomarta ba.